Malam Edita, an bar jaki ana dukan taiki: maganar wifi da Linux

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu dogon surutu. Daga Zinder nake rubuto maka, ina da ɗan shago ba nisa da kasuwar Dole inda nake gyaran kwamfuta da buga takardu da fotokopi, kuma na daɗe a wannan sana'a tun zamanin da sai ka je siber ka biya kuɗin awa kafin ka ga intanet da idonka. Abin da ya sa na ɗauki waya na fara dannawa shi ne wasiƙar da kuka buga kwanakin baya ta wani ɗan'uwa da ya ce an sa masa Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, wifi ya ɓace ɓat, ya ce wai abin na yaudara ne kar kowa ya yarda a sa masa. Na ji zafin maganarsa wallahi, don na san yadda abin yake, ka ba da kuɗinka ka koma gida ka buɗe kwamfuta ka ga ko alamar rezo babu. Amma dai ina ganin ya bar jaki yana dukan taiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da hannuna ya taɓa ko wani zai amfana.

Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu nan Damagaram okaziyo ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kano ko ta bakin teku su iso mu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ce Microsoft ta tsayar ta daina kula da Windows 10, shi kuma Windows 11 yana neman wani abu da ake ce wa TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, wanda tsofaffin injinanmu da yawa ba su da shi. To ina mutum zai nufa da kwamfutar da lafiyarta lau, in ba Linux ba? Shi ya sa yanzu ɗalibai da malaman lakwal suke ta kawo min a sa musu, kuma shi ya sa wannan maganar ta wifi ba ƙarama ba ce.

Abin da mutane ba su gane ba, Linux ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙwayar ciki wadda ake kira kanel, ita ce Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, sai kowa ya ɗauke ta ya gina nasa a kai, kamar dai gero ne, wata ta dama fura wata ta yi kunu wata ta tuƙa tuwo. Debian tun 1993 take, Ubuntu ta fito 2004 daga jikin Debian, Linux Mint kuma daga jikin Ubuntu, ga Fedora can ita ma da nata hali. Shi kuma katin wifi da ke cikin kwamfuta ba ya motsi sai da abin da mu nan muke ce wa pilot, 'yan'uwanmu na Kano su ce direba, kuma sunan nasu ya fi dacewa don mota ce sabuwa fil a ajiye ba mai tuƙi. A Linux yawancin direbobin nan a cikin kanel ɗin suke zaune tun asali, shi ya sa sau da yawa kana gama sakawa wifi ya kama ba ka yi komai ba. Matsala tana zuwa ne in katinka ya fi kanel ɗin sabunta, ko kamfanin da ya ƙera katin bai saki sirrin direbansa ba, ko kuma direba yana nan amma babu wani ɗan ƙaramin fayil da ake ɗura wa katin kansa duk lokacin da aka kunna, wanda ake kira famwaya.

Bari in ba ka labarin wata ɗaliba ta jami'a da ta zo min da azumin bara, tana rubuta memwar ɗinta kuma saura kwanaki ta miƙa. Ta shigo da kwamfuta a cikin leda, fuska duk a yamutse, ta ce kawu don Allah ka duba min, sau uku ana canza min abin nan. Wani abokin karatunsu ya sa mata Ubuntu wifi bai zo ba, ya goge ya sa Mint bai zo ba, ya sake gogewa ya sa Debian, duk dai shiru, kuma kowane ɗaya da megan ta aka sauko da shi. Ka lissafa, Ubuntu na yanzu kusan jiga 6 ne, Mint kusan jiga 3, wannan ai kuɗin cefanen gida ne aka ƙone. Na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, taminal, na rubuta rfkill list, sai ga shi ya nuna katin yana nan da ransa amma an toshe shi ta maɓalli, wurin da aka rubuta Hard blocked ya ce yes. Na juya kwamfutar na duba gefenta, ashe akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa, ƙanƙani kamar ƙwayar wake, ƙura ta cika ramin har ba a ganin sa, garin sakawa a jaka ya goce. Da tsinken sakace na kankare shi na tura, fitila ta kama, sunayen wifi na maƙwabta suka jero. Ta yi shiru ta kalle ni ta ce shi kenan kawu? Na ce shi kenan 'yata. Ban karɓi ko dala ba don kunya ma ba za ta bar ni ba.

Ban kawo labarin nan don a yi wa yaron dariya ba, ni ma na yi abin da ya fi wannan. Na kawo shi ne don in nuna ciwon da ke damun mu masu gyara: da abu ya ƙi sai mu ce a goge a sa wani. Ba ma tambayar katin sunansa. Alhali tambayar ba ta cin minti ɗaya, ka rubuta lspci -nnk in katin na ciki ne, ko lsusb in irin na tsirawa ne a gefe, zai faɗa maka wane ne ya ƙera shi da lambarsa, lspci kuma har da direban da ke riƙe da shi in akwai. Daga nan ka rubuta uname -r ka ga lambar kanel ɗinka, sai sudo dmesg ka nemi layin da ke maganar famwaya, in wani fayil ya ɓace zai faɗi sunansa ƙarara. Wannan ukun su ne awon jini, duk wanda ya fara ba da magani bai yi su ba canki-canki yake yi.

In ka ga Intel ko Atheros, yawanci ka huta. Na Intel direbansa iwlwifi yana cikin kanel, famwaya kawai yake nema, kuma nan ne Debian ta daɗe tana wahalar da sababbin shiga, don a da ba ta yarda ta sa duk wani fayil da ba a buɗe sirrinsa ba a cikin faifan sakawarta na ainihi, aƙida ce tasu. Sai a 2022 suka yi ƙuri'a a tsakaninsu suka sassauta, Debian 12 da ta fito watan Yuni 2023 ta zo da famwaya a ciki. To amma har yau akwai masu yawo da kile, wato filash na USB, ɗauke da Debian 10 ko 11 suna sa wa mutane, sai wifi ya ƙi su ce kwamfutar ce ta mutu. A irin wannan kunshin firmware-iwlwifi kawai za ka sa, ko na Realtek firmware-realtek, bayan ka buɗe sashen non-free, inda Debian ke ajiye abin da ba a buɗe sirrinsa ba. Haka kuma in kwamfutar sabuwa ce sosai kar ka sa mata tsohon abu, misali katin Intel AX200 sai kanel 5.1 zuwa sama yake gane shi, ka sa masa na ƙasa da haka ko kwana za ka yi kana danne-danne ba zai ga komai ba.

Broadcom shi ne mai dogon labari, kuma yana da yawa a tsofaffin kwamfutocin da ke zuwa mana. Shi direbobinsa sun kasu, akwai b43 na tsofaffin katuna wanda sai ka sa firmware-b43-installer ya sauko da famwayarsa, akwai brcmsmac da ke cikin kanel, akwai kuma na kamfanin kansa da ake kira wl wanda a rufe yake. Abin da ke rikita mutane sunan kunshin yana canzawa daga gida zuwa gida, a Ubuntu an daɗe ana ce masa bcmwl-kernel-source, a Debian broadcom-sta-dkms, a Fedora kuma ba ya ma cikin rumbunsu sai ka ƙara wani rumbu na waje mai suna RPM Fusion ka ɗauko akmod-wl. Sai yaro ya ga bidiyo a YouTube na mai Ubuntu ya zo yana kwafa a Fedora harafi da harafi, abu ya ƙi, ya ce Linux wahala. Ga kuma wani tarko, in ka tara direba biyu a kan kati ɗaya sai su yi ta kokawa babu mai tuƙi, dole a dakatar da ɗaya. Ni dai in na ga Broadcom kuma mai kwamfutar ba gwani ba ne, Mint nake sa masa, don tana da wurin kula da direbobi da ake dannawa da linzami, kuma in ka bar kilen da ka yi sakawa da shi a tsire tana iya ɗauko direban daga ciki ko babu intanet.

Wannan ta kawo ni kan abin da ya fi ba mutane haushi, wato kana neman intanet don ka gyara intanet. Maganinsa na aljihunka. Ka haɗa wayarka ta Android da kwamfutar da igiyar caji, amma mai ɗaukar bayanai ba irin ta jika ɗaya uku da caji kawai take yi ba, ka shiga wurin raba konekisiyo ka kunna na USB, Linux zai ɗauke ta kamar an tsira masa kebul ba tare da ka sa komai ba. Direban da kake nema 'yan mega ne kawai. Ka dai kula kar ka danna sabunta komai da komai a lokacin, forfe ɗinka zai tafi kana kallo. Tun da na ambaci waya, wani abin kuma: tsofaffin katuna da yawa 2.4 GHz kawai suke ji, in wayarka tana watsa wifi a 5 GHz kwamfutar za ta ga na kowa a unguwa ban da naka, ka koma saitin wayar ka sauke shi kafin ka zargi direba.

Akwai wani katin Realtek, RTL8723BE, da ya yi suna wajen wata irin cuta mai ban dariya, wifi yana kamawa amma sai ka je ka tsaya a gindin akwatin da ke watsa wifi ɗin kamar mai jin ɗumin wuta, ka matsa taku biyar ya yanke. Dalili, wurin eriya biyu ne a jikin katin amma wasu kwamfutocin waya ɗaya aka ja musu, sai direba ya yi ta sauraro ta kunnen da ba a haɗa ba. Ana buɗe ɗan fayil a cikin /etc/modprobe.d a rubuta options rtl8723be ant_sel=2, a sake kunnawa, in bai yi ba a mai da shi 1. Layi ɗaya tak. Shi kuma ƙanensa RTL8821CE a da sai an ɗauko masa direba daga waje, yanzu kanel na baya-bayan nan suna gane shi da kansu ta direban rtw88, wato wanda ya sa Mint 22 ko Ubuntu 24.04 masu kanel 6.8 bai ma san an yi wannan wahalar ba.

Yanzu ga nawa abin kunyar. Wani mushe da ke koyarwa a wata makaranta ta wajen Birni ya kawo min tasa, na duba na ga direban waje take so, na sa shi daidai, ya nemi in ba shi kalmar sirri na ba shi, na ce wa yaron shagona ya sake kunna ta ni zan je salla. Na dawo wifi babu. Na cire na sake sawa, babu. Har la'asar ina abu ɗaya, ga zafi ga an ɗauke wuta batirin yana ta ja baya, mushe yana zaune kan benci yana kaɗa ƙafa yana cewa Malam ko in dawo gobe ne. Sai can na tambayi yaron, da ka kunna me ka gani? Ya ce wani shuɗin allo ne ya fito da Turanci, na jira ya wuce da kansa. Nan na dafe kai. Kwamfutocin zamani suna da wani mai gadi da ake kira Secure Boot, ba ya barin direban da ba shi da sa hannu ya shiga kanel, shuɗin allon nan shi ne wurin da za ka zaɓi Enroll MOK ka gabatar da direban ga mai gadin, daƙiƙa 10 kawai yake jira in ba ka taɓa komai ba ya wuce abinsa. Na sake yi da kaina, na iso shuɗin allon, na rubuta kalmar sirri ya ce ba ita ba ce, sau biyu. Ashe shi a wurin nan allon rubutu na Amurka yake ganewa, QWERTY, mu kuma namu na Faransa ne AZERTY, duk inda na danna a shi q yake gani. Tun ranar in zan sa kalmar nan ba na sa a, z, q, w ko m, lambobi ma ina gudun su. Wasu sukan shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga da an kunna, su kashe mai gadin gaba ɗaya, yana yi, amma in akwai Windows a gefe guda ka yi hattara kar garin gyaran gira a rasa ido, wani lokaci sai ya tsaya yana neman makullin BitLocker, abin da Windows ke kulle bayanai da shi, wanda mai kwamfutar bai taɓa jin labarinsa ba.

Su direbobin wajen nan wani halinsu kuma, duk ranar da kanel ya sabunta sai an sake gina su, akwai abin da ke yin haka da kansa mai suna DKMS, amma wani sa'in ginin ya faɗi, mutum ya kwana da wifi ya tashi babu. Kar ka goge komai. Wurin kunnawa akwai jerin tsofaffin kanel a menu na GRUB, ka zaɓi na jiya ka ci gaba da aikinka har a gyara. Fedora ta fi yawan wannan don ita kullum cikin sabon kanel take, shi ya sa ba na sa wa mai irin wannan katin ita, ko da yake ga sabuwar kwamfuta ta fi kowa saurin gane kaya. Masu Windows da Linux a inji ɗaya kuma su kashe abin nan na saurin kunnawa a Windows, don ba ya kashe kwamfutar da gaske, wani lokaci yakan bar katin a wani hali da Linux zai same shi a sume.

Sai 'yan kasuwa, da su ma nake. Ƙananan wifi na tsirawa da ake sayarwa a kwali, sunan da ke bayan kwalin ba ya gaya maka abin da ke ciki. Misalin da duk mai wannan harka ya sani shi ne TP-Link TL-WN722N, na farko Atheros AR9271 ne a ciki kana tsirawa ya kama, na biyu da na uku kuma Realtek ne, suna ɗaya kwali kusan ɗaya amma ciki daban, sai ka duba ɗan rubutun v1 ko v2 a jiki. Ɗan faifan da ke cikin kwalin ma kar ka dogara da shi, yawanci na Windows ne. Masu arha da ke da MT7601U ko RT5370 a ciki su kam Linux ya san su tuntuni. Abin da nake roƙo, mai shago ya bar mai saye ya tsira ya gwada a gabansa kafin ya biya, haka mai sayar da kwamfuta okaziyo ya bari a tayar da ita da kile. Linux yana tashi daga kile ba tare da an taɓa abin da ke cikin inji ba, ni nawa da wata manhaja mai suna Ventoy na haɗa shi, Mint da Ubuntu da Debian duk a kile ɗaya, minti biyar ka san ko wifi zai yi. Wasu suna yarda, wasu kuma da sun ga ka fito da kile sai su ce za ka sa musu virus.

In duk an yi ya ƙi, katin ciki ba aure ba ne. A yawancin tsofaffin kwamfutoci sukuru ɗaya ne ke riƙe da shi da 'yan wayoyi biyu sirara, baƙa da fara, ana cire shi a sa na Intel ko Atheros da aka ciro daga matacciyar kwamfuta, ni ina da gwangwanin madara cike da su. A dai bi kan wayoyin a hankali don suna da saurin karyewa, kuma wasu tsofaffin injina BIOS ɗinsu ba ya karɓar baƙon kati, sai a gwada kafin a ɗaure murfi.

Malam Edita, roƙona gare ku biyu ne. Ku ba mu ɗan fili ko sau ɗaya a wata inda za a riƙa amsa irin waɗannan tambayoyi da Hausa, don bayanin duk yana nan amma da Turanci da Faransanci, kuma rabin masu gyara a garin nan da ido da hannu suka koya. Na biyu, shi ɗan'uwan da ya rubuto, in bai riga ya sayar da kwamfutar ba don Allah ya rubuta lspci -nnk da rfkill list, ya ɗauki hoton abin da ya fito ya aiko muku ku buga, ni ko wani zai gaya masa abin da zai sa. In kuma yana nan kusa ya shigo kabu-kabu ya tambayi mai gyaran kwamfuta da ke da gwangwanin madara a kan tebur, ya zo da cajarsa don ba ni da ta kowane iri.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari, Zinder